Kowa ya yi zagi a kasuwa: wa ake yi wa dariya a Black, wa ake rage wa murya?

Wanda ke son ya san shugaban da ake tsoro a yankin nan namu, ba sai ya je Plateau ya tambayi masu kwat ba. Ya shiga Black ta Adjame da rana tsaka, ya tsaya a layin masu gyaran waya, ya kasa kunne. Kowace rumfa da lasifikarta, kowane yaro da wayar da yake gwadawa, kuma ba da labarun duniya ake gwada murya ba, da bidiyon barkwanci ake yi. Akwai bidiyon da ake ƙure wa murya har na rumfa ta biyar ya taso ya leƙo. Akwai wanda mutum uku ke kallo kai a haɗe, murya ƙasa-ƙasa, ana yi ana waige. Akwai kuma wanda da ya fara, mai rumfa zai miƙo hannu ya ce, "Kai, kashe wannan, ba na son fitina a wurin neman abincina." Haka abin yake a rumfunan waya na Treichville, haka yake a teburin mai shayi.

Abin da ake ƙure wa murya ba ɓoyayye ba ne. Paul Biya na Kamaru, wanda aka sake ba shi zaɓe a Oktoban 2025 yana da shekara 92, shi ne abincin kowa. Faure na Togo, da gidansu ke riƙe da ƙasa tun 1967, wanda ya sauya wa kujerar suna ya ci gaba da zama a kanta, shi ma ana shan dariyarsa. Trump da Macron kuwa ko yaro ya samu ya taɓa. Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su: jandarmansu ba sa iya zuwa Adjame. Da an zo kan wa'adi na huɗu na Alassane Ouattara, sai yatsa ya nufi wajen rage murya. Da an zo kan sojojin Yamai ko Kyaftin Ibrahim Traoré, a rumfunan da yawa daga cikin namu, ba tsoron jandarma ke kashe wayar ba. Mu da kanmu muke kashewa, har da harara.

Maganata a nan ita ce, dariyar da ba ta taɓa wanda kake tsoro, ba ta kuma taɓa wanda kake so, ba zambo ba ce. Roƙo ne aka juya wa riga. Maroƙi ma ai yana zagin abokin gabar ubangidansa, kuma ba wanda ke kiransa jarumi don haka.

Bari mu fara da gida, tun da yawancin samarin da ke canja gilashin waya a Black yau ba a haife su ba lokacin. Ranar 16 ga Disamba 1995, ASEC Mimosas ta karɓi Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu a filin Houphouët-Boigny, wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. An tashi 2-2 a Johannesburg, saboda haka ko canjaras babu ci ya ishi ASEC ta ɗaga kofi. Gari ya gama shirin biki. Shugaba Henri Konan Bédié da kansa ya zo kallo. Sai wani Jerry Sikhosana ya zura ƙwallo ɗaya tak, kofi ya hau jirgi ya bar mu. Bayan kwana biyu jaridar La Voie, ta 'yan adawar FPI, ta buga wani ɗan guntun rubutu na tsokana, wai zuwan shugaban ne ya jawo wa ƙungiyar rashin sa'a. Da Hausa sai mu ce sun ce yana da farar ƙafa. Irin maganar da ake yi a cikin gbaka duk ranar da aka ci ƙungiyar mutum, a yi dariya a sauka.

To, shekara biyu-biyu aka yanke wa mutum uku a kan wannan: Emmanuel Koré da ya rubuta, da shugaban jaridar Abou Drahamane Sangaré, da edita Freedom Neruda. Aka kai su MACA, aka rufe jaridar wata uku. Daga baya Bédié ya ce zai yafe musu in sun janye ɗaukaka ƙara, suka ce ba su so. Sai ranar 1 ga Janairu 1997 suka fito. Ka duba fa, mai karatu: ƙasa guda, da alƙalanta da 'yan sandanta da gidan yarinta, ta tashi tsaye don ta tabbatar wa duniya cewa ƙafar shugabanta ba fara ba ce. Da ya yi shiru, da an manta da rubutun kafin sati. Da ya ɗaure su, ga shi shekara talatin ana ba da labarin. Kuma ranar da aka kore shi, jajibirin Kirsimetin 1999, ba masu barkwanci ne suka kore shi ba. Ƙananan sojoji ne da ke neman haƙƙinsu na aikin da suka yi a Afirka ta Tsakiya.

Janar Robert Guéï ya zo ya ce share gida kawai ya kawo shi. Matan kasuwa, waɗanda ba su taɓa jiran izinin kowa kafin su raɗa wa atamfa suna, suka fitar da zane mai suna tsintsiyar Guéï. Kafin wata goma mai shara ya ga gidan ya yi masa kyau, ya rushe hukumar zaɓe a Oktoban 2000, ya ce shi ya ci. Titi ya share shi. Abin da ya bari na gado shi ne laƙabin da ya liƙa wa Laurent Gbagbo, mai gidan burodi, wai yana birkiɗa kowa cikin fulawa.

Nan ne labarin ya daina ba da dariya. FPI ta hau mulki, Sangaré da ya kwana a MACA saboda wasan ƙwallo ya zama ministan harkokin waje. Mutum zai ɗauka waɗanda suka ɗanɗani kurkuku a kan raha su ne za su fi kowa kare mai raha. A zamanin mulkinsu ne aka je gidan Camara Yêrêfê da dare, ɗan wasan barkwancin talabijin da kowa ya sani da Camara H, wanda kuma ɗan jam'iyyar RDR ne, aka tafi da shi. Da safiyar 2 ga Fabrairu 2003 aka tsinci gawarsa da harbin bindiga, a nan Adjame. An zargi gungun makasa da ake dangantawa da na kusa da mulki, gwamnati ta musanta. Dattawan kasuwar nan sun tuna ranar, sun tuna yadda samari suka fito cikin fushi. A shekarar ce Tiken Jah Fakoly ya tattara ya koma Bamako. A Nuwamban 2004 kuma 'yan ga-ni-kashe-nin gwamnati suka bi ofisoshin jaridun adawa da wuta.

Sai aka zo 2011, jam'iyyar Camara H ta karɓi ƙasa. A ƙarshen Nuwamban 2020, bayan zaɓen wa'adi na uku da rikicinsa ya ci rayuka 85 a ƙidayar gwamnati, mawaƙan zouglou Yodé da Siro suka hau dandali a Yopougon, suka soki mai gabatar da ƙara na gwamnati, Richard Adou, cewa ɓangare ɗaya kawai yake farauta. Cikin 'yan kwanaki aka gurfanar da su, aka ba su ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 12 da tarar sefa miliyan 5 kowannensu. Waɗannan mutane ne da suka yi wa kowace gwamnati waƙa mai yaji, kuma a baya waɗanda ke mulki yau suna cikin masu tafa musu.

Ka ga yadda abin ke tafiya. Duk wanda aka doka da sandar nan, in ya hau kujera ba ya karya ta. Sai ya tura ta ƙarƙashin kujerar, ya ce ai shi ba zai yi amfani da ita ba sai in an wuce gona da iri. Kuma shi ne mai auna gonar.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa yau ba 2003 ba ce. Gbich!, jaridar zanen barkwanci da su Zohoré Lassane suka kafa a 1999, ta rayu ta ga bayan shugabanni, kuma Sajan Deutogo nata, ɗan sandan da ba ya barin mota ta wuce sai an ba shi togo biyu, wato sefa 200, ya fi kowane rahoton cin hanci shiga kan mutane. L'Éléphant Déchaîné ta Assalé Tiémoko ta tono badaƙala da dama tun 2011. Wanda ya ce babu bambanci tsakanin a ci mutum tara da a tsinci gawarsa, bai san abin da yake faɗa ba. Amma kuma tarar miliyan 5 ba don mawaƙi biyu aka yi ta ba. Don sauran masu kallo aka yi ta, kuma ta isa inda aka aike ta. Yatsan nan da ke rage murya a Black shi ne rasit ɗinta.

Akwai mutumin da ya sami hanyar ratsa wannan ƙaya, kuma ɗan Nijar ne, haifaffen Agadas. Mamane, tun 2009, yana ba da labarin wata ƙasa a rediyon RFI mai suna Gondwana, jamhuriya mai dimokuraɗiyya sosai da sosai, wadda shugabanta ba ya da suna sai Shugaba Mai Kafa Ƙasa. A can ana sanin sakamakon zaɓe kafin a buga takardun ƙuri'a, tsarin mulki kuwa kamar rigar tela ne, a ƙara a rage daidai jikin mai shi. Ya yi fim a kanta a 2017. Tun 2015 yake tara masu barkwancin Afirka a Abijan, a bikin da ya sa wa suna babban birnin dariya, kuma shi da su Michel Gohou da Digbeu Cravate sun buɗe majalisar dokoki ta dariya a Canal+. Ba ya kama sunan kowa. Wannan shi ne habaici tsantsa, irin na kishiyoyi a tsakar gida: kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma ba mai iya kai shi ƙara. Ahmadou Kourouma, ɗan Boundiali, wanda ya sha ɗaurin makircin ƙarya na zamanin Houphouët a 1963, da dabarar nan ya rubuta littafinsa na 1998 a kan shugabannin kama-karya. Ya sauya musu suna, ya ba kowa dabbarsa, wannan kada, wancan damisa, wancan kura. Kowa ya gane Houphouët da Mobutu da Bokassa, amma a takarda babu su.

Habaici yana tsare mai yinsa, wannan gaskiya ne. Sai dai yana da wani rami da ba a cika magana a kai ba. Tun da ba a kama suna ba, kowa na iya cewa ba da nasa ake ba. Ɗan RHDP zai saurari Gondwana ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wallahi kamar ya ga Bamako. Mai goyon bayan sojoji zai saurari shirin nan guda, ya ce kai, wannan Ouattara ne sak. Shi kansa Shugaba Mai Kafa Ƙasa na gaske yana iya zama a layin gaba a zauren wasa, ya yi dariya har da share hawaye, yana tunanin maƙwabcinsa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Gondwana madubi ce, amma mu mun mai da ita taga.

Kuma ga wani abin tambaya. An rufe RFI a Mali a Maris 2022, a Burkina a Disamban shekarar, a Nijar a Agustan 2023. Na san dalilin da aka bayar, na kuma san haushin Faransa ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Rediyon gwamnatin Faransa ce, kuma Faransa ta daɗe tana cin moriyar ƙasashen nan. Amma sakamakon shi ne, ɗan Agadas da ya fi kowa iya yi wa masu tazarce ba'a, ba a jin muryarsa a akwatin rediyo a ƙasarsu. To, da aka rufe ta baƙi, an buɗe ta gida? Wane ɗan wasa ne a Yamai yau zai sa kaki ya kwaikwayi tafiyar janar a talabijin, ya koma gida ya kwana lafiya?

Wannan tambayar ta fi ciwo ga Bahaushe, don mu ba baƙin wannan sana'a ba ne. Fadar Hausa ta san wawan sarki, wanda ke faɗa wa sarki abin da waziri ba ya iya faɗa. Mun san 'yan kama. Mun san tashe, da yara ke fita daga goma ga azumi su kwaikwayi malami da attajiri da tsoho mai kwaɗayi. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke shiga kayan manya, wannan ya zama sarki, wancan gwamna, wancan shugaban ƙasa, su kuma manyan na gaske su zauna su kalli kansu. Kakanninmu ba su karanta dimokuraɗiyya a lakwal ba, amma sun gane cewa mai mulki yana bukatar ranar da zai ga yadda talaka ke ganinsa. Har kalmar tazarce, da aka yayata don Abacha a 1998, aka sake ɗaukowa don Tandja a 2009, kasuwa ta karɓe ta ta raɗa wa doguwar riga. Su biyun babu wanda ya zarce. Abacha ya mutu a Yunin 1998, Tandja sojoji suka ɗauke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Rigar ce ta rage.

Amma jikokin masu wasan kara su ne a Kano, a Nuwamban 2022, kotu ta sa aka yi wa samari biyu 'yan TikTok bulala 20-20, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, don sun yi wa Gwamna Ganduje ba'a. Kuma gwamnatin farar hula ce, ba ta soja ba.

Na san abin da wasu za su ce, don ana faɗa a majalisa bayan la'asar. Na farko, ba'a haramun ce, ga Suratul Hujurat nan. Gaskiya ne an hana mu wulaƙanta juna da jifan juna da munanan laƙabi. Sai dai abin mamaki, ba a cika tuna ayar ba sai in dariyar ta nufi sama. Kullum a wayoyinmu ana yi wa gurgu dariya, ana yi wa bazawara, ana kwaikwayon Hausar Buzu da ta Bazabarme, su ma 'yan ƙasa suna kwaikwayon Faransancin aboki mai kofi da na mai sayar da garba, ba wanda ya ɗaga yatsa. Ranar da aka zana shugaba yana ɗinke tsarin mulki da allura, ranar ce kowa zai zama malami. Wanda ya karɓi amanar jama'a, aikinsa na jama'a ne, kuma malamanmu sun san matsayin faɗar gaskiya a gaban shugaba azzalumi. Zagin uwa da uba wani abu ne daban, wannan ashar ce, ba mai kare ta. Ko a nan ma sai a tambaya ko shekara uku a kurkuku, kamar yadda aka yanke wa wani ma'aikacin jinya a 2025 saboda mummunar magana a Facebook game da shugaban ƙasa, ita ce daidai da laifin. Da talaka aka zaga haka, da ko komisariya ba za a karɓi ƙarar ba.

Na biyu ya fi nauyi, kuma daga bakin iyayenmu yake fitowa: mu baƙi ne, baƙo ba ya dariyar mai gida, ka nemi abincinka ka yi shiru. Ba na raina wannan magana. Mutanen da ke faɗinta sun ga zamanin katin zama, wanda aka fara aiki da shi lokacin Ouattara na firaminista, aka soke wa 'yan CEDEAO a 2007, sun ga yadda ɗan sanda ke tare mai doguwar riga a tasha. Sun ga 2010 da 2011, lokacin da suna kawai kan sa a sauke mutum a shinge. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma mu duba abin da ya taɓa jawo mana duka a garin nan. Ranar 19 ga Mayu 2021 aka bi 'yan Nijar da sanduna da duwatsu a Abobo da Adjame da wasu unguwanni, aka fasa shaguna, aka jikkata mutane, aka rasa rai. Ba wani Bahaushe ne ya yi wa shugaba barkwanci ba. Wani tsohon bidiyo ne da ba a Nijar aka ɗauke shi ba, wata mata ta yaɗa shi a Facebook da ƙaryar cewa 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kodebuwa. Kotu ta ɗaure ta shekara biyar, kuma wannan hukunci ne da ba ni da ja a kansa. Ƙarya ce ta sa aka doke mu, ba dariya ba. Kuma a farkon 2024, da katafilar gwamnan Abijan, Cissé Bacongo, ta bi ta Gesco da Boribana, rusau ya zo ya taɓa rumfunan Black, ba ta tsaya ta tambayi wa ya yi shiru, wa ya yi magana ba. Mai hoton shugaba a rumfa da marar hoto, tare suka tsinci kwanonsu. Ban da haka, da yawanmu a nan aka haife mu, a nan aka haifi iyayen wasunmu, muna da katin ɗan ƙasa, muna jefa ƙuri'a. Har yaushe mutum zai zama baƙo a garin da aka binne cibiyarsa?

Abin da ya fi damuna ma shi ne, shirun namu ba shiru ba ne na gaskiya. A kan Abijan ne muke shiru. A kan Sahel bakinmu a buɗe yake, amma da yabo kawai. Ɗan Black da zai karɓi waya ya juya ta sau ɗaya ya ce maka wannan jabu ce, an canja mata gilashi, batirin ba nata ba ne, shi ne zai tura maka bidiyon da na'ura ta haɗa, wai manyan mawaƙan Amurka suna rera wa Traoré waƙar yabo suna kuka, ya ce ka gani, duniya ta sallama. A Mayun 2025 an wayi gari wayoyi cike da labarin an yi juyin mulki a Abijan, alhali masu tura labarin suna zaune a Abijan ɗin, gbaka na wucewa ta gabansu kamar kullum. Idon da ke gane jabun caja ya kasa gane jabun labari, don labarin ya yi masa daɗi.

Alhali kayan dariya na nan jibge, da za mu yarda mu duba. Mutanen da suka zo gyara na ɗan lokaci: Traoré an ƙara masa shekara biyar a 2024, Janar Tiani an rantsar da shi na shekara biyar a Maris 2025 aka kuma rushe jam'iyyu, Assimi Goïta a Yulin 2025 aka ba shi shekara biyar da za a iya sabuntawa ba iyaka. Da Biya ne ya yi wannan, da lasifikar Black ta fashe. A Burkina kuwa an ƙirƙiro wa masu suka wani magani da ko Gondwana ba ta yi tunaninsa ba: a ɗauke ka a sa maka kaki a kai ka fagen daga. An yi wa Ablassé Ouédraogo, tsohon ministan harkokin waje mai shekara 70, an yi wa shugabannin ƙungiyar 'yan jarida a 2025, sai ganinsu aka yi a bidiyo cikin kayan soja. Mutum na iya goyon bayan korar sojojin Faransa, yana iya jin zafin abin da 'yan bindiga ke yi wa ƙauyukanmu, ya kuma ga cewa wannan abin kunya ne. Soja ba ya zama waliyyi don ya zagi Macron. Haka shi ma ɗan'uwanmu mai hular RHDP, da ke ƙyalƙyata dariyar sojoji, sai ya daure ya saurari ta mutumin da ya ce a Maris 2020 zai miƙa wa matasa, ga shi a 2025 ya karɓi wa'adi na huɗu da kusan kashi 90 cikin 100, bayan an cire Gbagbo da Tidjane Thiam daga takara. Gadoji da tituna na nan, kowa na gani. Gada ba ta hana a yi dariyar lissafin da ya mai da biyu huɗu.

Abin da nake nema daga masu yin doka ba shi da yawa. Laifin cin fuskar shugaban ƙasa, wanda aka ɗaure su Sangaré da shi, har yanzu yana cikin kundin hukunta laifuka, bayan duk gyaran da aka yi masa a 2019. A cire shi. Shugaban da aka yi wa ƙazafi ya kai ƙara kamar kowa. A bar ƙarfin hukuma ga irin bidiyon Mayun 2021, wanda ke sa a fasa kan mutane. A majalisar dokoki akwai waɗanda suka yi zaman MACA a zamanin Bédié, akwai waɗanda suka yi gudun hijira a zamanin Gbagbo, akwai waɗanda suka yi a zamanin Ouattara. Babu ɓangaren da zai ce bai san ɗanɗanon sandar ba.

Namu kuma, ga gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar izinin kowa. In azumi ya zo, a bar yaran unguwa su yi tashe irin na da, a tsakar gida ma ya isa. Ɗaya ya sa kwat da tabarau, ya riƙe tsarin mulki da almakashi. Ɗaya ya sa kaki da jar hula da safar hannu, ya ce wata shida kawai zai yi. Ɗaya ya sa babbar riga ya zo da buhun alkawari daga Abuja. A shimfiɗa wa iyaye tabarma su zauna, a ga uban da zai fara tashi ya ja kunnen ɗansa, da kuma lokacin da wane yaro ke magana ya tashi.